Mazaunin Kibiya Uku da Ginshiƙai Shida

Asabar, 1 ga Maris 2008, bayan la'asar

Na sayi sabon littafi don rubuta sakamakon harbi, tsohon ya cika. Bari in fara da abin da ya fi damuna: kibiyata tana karkata hagu. Daga mita ashirin ba a lura sosai, amma ina ja da baya zuwa mita arba'in sai kibau shida su watse kamar an kori kaji, huɗu a hagun tsakiya, biyu duk inda suka ga dama. Ni Usuman, safiyon da ya shekara goma sha ɗaya yana auna ƙasar Jidda, ɗan maharbin Ningi, ba zan lamunci wannan ba. Bakan lafiyarsa ƙalau. Irin na zamani ne mai taya sama da ƙasa, wanda in ka ja shi ya kai ƙarshe sai nauyin ya sake ka, ka yi bara a natse. Laifin na mazaunin kibiya ne, ɗan abin nan da ake ɗaurawa a jikin baka don kibiya ta kwanta a kai kafin a sake ta. Wanda ya zo da bakan mai buroshi ne, zobe cike da gashi mai tauri, kibiya tana ratsawa ta tsakiyarsa. Ina zargin gashin yana cin fikafikan robar da ke gindin kibiyar. Jibi zan leƙa shagon Hadi.

Sai maganar ofis, a taƙaice. Ginshiƙai shida na gini na uku sun goce da santimita goma sha huɗu, za a rushe su. Mudir, shugaban kamfaninmu, ya kafa lajna, wato kwamitin bincike, za ta zauna ranar Litinin 24 ga wata, ya kuma faɗa a gaban kowa cewa wanda aka samu da laifi khuruj niha'i za a buga masa, fita ba dawowa. Ni na ba da rahotona tun Laraba. Na rubuta cewa akwatin na'urar awo ya faɗi daga hannun Baba Hamidou, mai ɗaukar mini kaya, a safiyar da muka kafa turakun ginin. Akwatin ya faɗi. Abin da na rubuta ke nan.

Lahadi, 2 ga Maris, ƙarfe tara na safe

An fara rushe ginshiƙi na farko. Ban tsaya kallo ba, ina da aiki a gini na biyar.

Litinin, 3 ga Maris, bayan magariba

Na je wurin Hadi a Bagdadiyya. Bahaushe ne haifaffen nan, yana tsaron shagon kayan kamun kifi da na farauta na wani Balarabe, Hausarsa kuwa rabi Larabci ce. Bai taɓa harba kibiya ba tunda aka haife shi, amma in yana bayani sai ka rantse shi ya ƙera bakan. Ya jera mini mazauni biyu a kan gilashi, shi masnad yake ce musu. Na farko mai harshe: siririn harshen ƙarfe mai 'yar tsaga a baki, kibiya tana ɗofana a kai kawai. Ya ce na masu gasa ne, sai dai in hannu ya ɗan yi rawa kibiya za ta zame. Na biyu mai faɗuwa: yana da ɗan hannu mai ɗaga kibiya lokacin da kake ja, kana sakewa sai hannun ya kwanta, ta wuce ba ta taɓa komai ba.

Ya ɗaga na biyun ya ce, "Haza ahsan shai, wannan ya fi komai, ya muhandis. Wallahi ko makaho ya sa wannan, halas, tsakiya."

Na ce masa ni ba makaho ba ne, hannuna kuma ba ya rawa, na ɗauki mai harshe. Yana naɗe mini shi a takarda ya ce wai ya ji a majalisar 'yan Nijar wani dattijonmu ya shiga uku a kan gini. Ban san yadda magana take gudu haka a garin nan ba. Na ce masa tana hannun lajna.

Alhamis, 6 ga Maris, bayan azahar

Shekara uku ke nan ina harbi a farfajiyar siton kamfani a Mahjar, da izinin Mudir. Akwai wani lungu tsakanin kwantenoni mai tsawon mita hamsin, ba iska ba mai wucewa, na jingina allon soso a ƙarshensa. Yau ina isa sai ga Baba Hamidou a bakin ƙofa a kan kujerar roba. Ashe nan aka mai da shi gadi kafin lajna ta zauna, aka kuma dakatar da sabunta iƙamarsa, takardar izinin zama, da za ta ƙare ƙarshen wata. Ba wanda ya gaya mini.

Ya tashi ya buɗe ƙofa, ya ce sannu da zuwa Muhandis, wato injiniya, ya tambayi lahiyar Hajiya matata da 'yata Azumi, yadda mutanen garinsu Dogondoutchi na Nijar suke faɗinta. Shekara bakwai yana ɗaukar mini na'ura da sanda, ya kuma girme ni da kusan shekara ashirin. Na amsa, na wuce ciki.

Na cire mai buroshi na ɗaura mai harshe, na daidaita shi da ma'auni. Sannan na yi gwajin takarda: a manna farar takarda a firam, a tsaya taku uku, a harba ta cikinta. In kibiya ta fita a miƙe za ka ga rami ɗaya da tsaga uku na fikafikai a kewayensa. In gindinta yana lilo sai takarda ta yage gefe. Tawa ta yage gefe, tsawon ɗan yatsa. Na matsar da mazaunin kaɗan, ta yage. Na mai da shi ɗaya ɓangaren, ta yage. Takarda goma sha ɗaya na ɓata. Sau biyu kuma kibiya ta zame daga harshen tun ban gama ja ba, abin ya ba ni haushi ƙwarai don na ga Baba Hamidou yana kallo daga kujerarsa.

Harshen ne ya yi wa kibauna laushi. Na tabbata da wannan, kuma Hadi zai ji daga gare ni.

Juma'a, 7 ga Maris, bayan la'asar

Matata Ruƙayyatu ta ce in kai ta unguwar Nuzla ta gai da Rakia, matar Baba Hamidou. Na ce na gaji. Ta hau tasi ita da Azumi.

Asabar, 8 ga Maris, bayan magariba

Ban tambaya ba, amma da labarin gidan Baba Hamidou na ci shinkafata. 'Ya'yansu huɗu duk a Nuzla aka haife su, ba wanda ya taɓa taka Nijar. Babbar, Haoua, tana shekarar ƙarshe a sakandare, jarrabawa saura wata uku. Wai ta zaunar da Ruƙayyatu tana so a koya mata yadda ake gai da kaka da Hausa, don tana ji sarai amma in za ta mayar sai Larabci ya riga fitowa. Ta kuma tambaya ko a Doutchi akwai teku. Ruƙayyatu ta faɗi wannan tana dariya, dariyar ba ta kai ƙarshe ba.

Sai ta dube ni ta ce, "Baban Azumi, da gaske akwatin ne?"

Na ce akwatin ya faɗi, mutum uku sun gani. Ta ce ita ba ta tambaye ni ko ya faɗi ba. Na ce mata aikin safiyo ba abin da ake bayaninsa a kan tabarmar abinci ba ne. Ta kwashe kwanuka ta bar ni da ruwan sha.

Litinin, 10 ga Maris, bayan magariba

Na koma wa Hadi, na karɓi mai faɗuwa. Ya so ya yi mini gori, wai ai tun farko ya faɗa. Na ce masa mai sayar da ƙugiya ya tsaya a kan ƙugiya. Ya yi dariya ya ce tayyib, ya ba ni shayi.

Na zauna a falo ina jujjuya abin, aiki ne mai kyau. 'Yar igiyarsa ana ɗaure ta a wayar baka, sai an daidaita tsawonta sosai don hannun ya tashi a kan lokaci ya kuma kwanta a kan lokaci. Irin aikin da nake so ke nan. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, da zai ga wannan kaya da ya yi dariya har ya ƙware. Bakansa sanda ce da tsirkiyar fata, kibiyarsa kyauro ce ba fiffike ko ɗaya, mazauninta kuwa manunin yatsansa. Ina ɗan shekara tara ya fara koya mini, yana buge mini hannu yana cewa in ɗaga yatsa kibiya ta sami wurin kwanciya. Da bakan nan ya ciyar da gida, ba na musu. Amma shi daga taku goma sha biyar yake harbin gada, dafi ya ƙarasa masa aiki. Ni daga mita arba'in nake neman da'irar da ba ta fi bakin kofi faɗi ba. Na bar irin harbinsa tun ina ɗan shekara goma sha huɗu, na tafi makaranta na koyi awo.

Talata, 11 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Sun gama rushe na shida. Mudir ya ce in kawo littafin awon ranar don a sa a fayil. Na ce zan duba inda na ajiye shi.

Talata, ƙarfe biyar

Yana cikin jakar baka, ƙarƙashin soso.

Alhamis, 13 ga Maris, bayan azahar

Na ɗaura mai faɗuwa. Awa guda na yi a kan igiyar kaɗai, har hannun ya riƙa tashi daidai inda nake so. Ba na jin akwai mutum biyar a Jidda da za su iya ɗaura shi haka. Na harba ta takarda. Ta yage gefe.

Yagar ta ragu, in faɗi gaskiya, kusan rabin ta makon jiya ce. Daga mita arba'in na sa biyu a rawayar da'irar tsakiya, uku a hagu, ɗaya ta bi ta saman allo ta bugi kwantena ta lanƙwashe. Ƙarar sai da ta tashi tattabarun sito.

Ina shan ruwa Baba Hamidou ya taso da kofin shayi ya miƙo mini. Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya tsaya yana duban kibiyar da ta lanƙwashe, sannan ya ce, "Muhandis, in hwaɗa maka wani abu?"

Na zata maganar gini zai yi, ba zan ɓoye wa littafina ba. Na ce masa ba yanzu ba Baba, magana tana hannun lajna, ni ba ni da ta cewa. Ya ce shi zancen kibiya zai yi. Na ce ina sauri, na haɗa kayana. Shayin ma ban shanye ba.

Yanzu na gane kibau ne. Sun yi wa wannan baka laushi, dole su riƙa lilo ko a kan me aka kwantar da su.

Asabar, 15 ga Maris, ƙarfe ɗaya na rana

Mudir ya kira ni ofis, ya sa aka kawo gahawa da dabino. Ya nuna mini takardar da lajna za ta sa wa hannu, an riga an buga ta, sunan Baba Hamidou yana layi na huɗu, an ma rubuta shi ba daidai ba. Ya ce ranar Litinin ta sama in tabbatar da rahotona a gabansu in sa hannu, halas. Ya ce shekara goma sha ɗaya bai taɓa ganin na yi kuskuren santimita ɗaya ba, ba zai fara zargina a kan goma sha huɗu ba. Ya ce littafin awon ma in bai samu ba, ma'alesh, ba komai.

Na gode masa. Gaskiya ya faɗa, shekara goma sha ɗaya ban yi ba. Akwatin kuma ya faɗi.

Lahadi, 16 ga Maris, bayan asuba

Saura kwana takwas. Ruƙayyatu tana magana da ni, amma gaisuwa da cefane kawai.

Talata, 18 ga Maris, bayan magariba

Na je neman kibau masu tauri. Hadi ya ɗauko su, amma bai sake kwalin ba, ya riƙe yana kallona.

"Ya muhandis, masnad uku ka gwada, yanzu kuma kibau. Yimkin mushkila ba a cikin shagon nan take ba."

Na tambaye shi ko ya san bambancin tsirkiya da igiyar shanya. Na gaya masa tun kafin ya iya ɗaure wando nake harbi. Ya ce asif, in yi haƙuri, ya sake kwalin. Na biya na fito ina huci, na manta inda na ajiye mota, sai da na zaga layin sau biyu. Yaron kirki ne Hadi, ban kyauta masa ba. Yaro ma nake cewa, mutum mai 'ya'ya uku.

Alhamis, 20 ga Maris, bayan la'asar

Zan rubuta wannan daki-daki.

Na sa sababbin kibau a kan mai faɗuwa. Takarda ta yage gefe, daidai kamar makon jiya. Na tsaya riƙe da baka kamar an dasa ni, na rasa wanda zan zarga kuma.

Wannan karon Baba Hamidou bai nemi izini ba. Ya shiga sito ya fito da gwangwanin jan garin nan da muke zana layi da shi a kan siminti, ya zo ya ce in ba shi hannuna na hagu, mai riƙe baka. Ban san me ya sa na miƙa ba. Shekara bakwai ni nake cewa miƙo mini kaza shi yana miƙowa. Ya lakaci garin ya shafe mini manunin yatsa da shi tun daga farce har gindi, ya ce in harba. Na harba. Ya taka a hankali har ƙarshen lungun, ya zaro kibiyar, ya dawo ya miƙo mini ita ta gindi. Fiffike ɗaya yana da jan layi daga farko har ƙarshe.

Na ce wataƙila na taɓa ta ne lokacin da nake ɗorawa. Bai yi musu ba. Ya ɗauko wata, ya goge ta da bakin rigarsa, ya ɗora mini da hannunsa. Na harba. Jan layi. Ta uku ma haka.

Ya ce, "Ubanka maharbi na?"

Na ce i.

"Nawa ma. Tun ranar hwarko na gani. In ka ja, yatsa shi tashi shi kaɗai shi taro kibiya, hannu shi murɗe baka. Kai ka manta, hannunka bai manta ba. Bon, ƙarfen nan ba su yi maka komi ba."

Ya yago salatif ya ɗaure mini manunin da na tsakiya wuri ɗaya, ya ce in sassauta riƙo, baka ba gudu zai yi ba. Na manna sabuwar takarda na harba. Rami ɗaya, tsaga uku, kamar an zana da alƙalami. Na koma mita arba'in na harba shida, tafin hannuna ya rufe su duka. Na yi murna, wallahi na yi murna kamar yaro, na juyo ina dariya in nuna masa. Yana tsaye yana rufe gwangwanin garin, shi ba dariya yake ba, ba kuma fushi ba.

Na jira ya yi ɗaya maganar. Yau da ya yi ta da na saurara. Na so ma ya zage ni. Ya mai da gwangwani sito, ya koma kujerarsa, da zan fita ya buɗe mini ƙofa ya ce a gai da Hajiya. Kunya ta rufe ni tun daga Mahjar har gida, jan garin kuma ya ƙi fita daga gefen farcena.

Juma'a, 21 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Na koma ni kaɗai, yau ba shi ke gadi ba. Na ɗaure yatsa na gwada mazaunan uku bi da bi, kibau goma sha biyu kowanne. Duk ukun sun huda takarda tsaf. Daga mita arba'in mai harshe ya fi tara kibau wuri ɗaya, mai faɗuwa yana bin sa, mai buroshi ya biyo baya da abin da bai fi faɗin yatsa ba, yana kuma ɗan cin fikafikai kamar yadda na zata. Na kwance salatif na sake gwadawa. A kan mai harshe da mai faɗuwa yatsan yana tashi, don yana ganin kibiya za ta zame. A kan mai buroshi kuwa kibiya tana riƙe ta ko'ina, ko na karkata baka ba ta faɗuwa, sai yatsan ya rasa uzuri ya kwanta abinsa. Na mai da mai buroshi, wanda na fara zargi tun farko. Na yarda in rasa faɗin yatsa ɗaya. Shi ya dace da hannun da nake da shi.

Da zan mai da baka jaka na ɗaga soso na ciro littafin awon. Bari in rubuta nan abin da ke shafi na arba'in da ɗaya. Akwatin ya faɗi ƙarfe bakwai da kwata. Bakwai da rabi na kafa na'urar na gwada ta a kan alamomi biyu, sau biyu, ta karanta daidai. Da hannuna na rubuta, da lokaci da komai, don ni mutum ne mai rubuta komai. Abin da ya biyo baya ba na'ura ta yi shi ba, ba kuma Baba Hamidou ba. Da tsohon zane na kafa turakun. Sabon yana cikin mota a naɗe ban buɗe shi ba. Abin da ya ɗauke mini hankali a safiyar nan ba zan rubuta shi a nan ba, ba zai mayar da ginshiƙi ko ɗaya ba.

Sau uku a makonnin nan na riƙe shafin zan yage.

Asabar, 22 ga Maris, bayan magariba

Na gaya wa Ruƙayyatu duka. Na ce in na yi magana ranar Litinin mu za mu tafi, Azumi za ta bar makarantarta a tsakiyar shekara, kuma ba na jin wani kamfani a ƙasar nan zai sake ɗaukata. Ta yi kuka, ta ce tana son gidan nan, tana son zuwa Harami duk lokacin da ta ga dama, ta ce na cuce mu. Ban kare kaina ba. Da ta share hawaye ta ce in ba ta farar rigar da zan sa ta goge.

Lahadi, 23 ga Maris, ƙarfe huɗu

Na biya ta shagon Hadi na ba shi haƙuri. Ya ce mafi mushkila, wato ba komai, ya tambaya wane masnad ya ci. Na ce wanda ban saya a wurinsa ba.

Litinin, 24 ga Maris, bayan la'asar

Baba Hamidou yana zaune a benci a baranda da farar riga da hula, hannuwa a kan gwiwa. Na gaishe shi na shiga. Mutum uku ne: Mudir, injiniyan mai ginin, da mutumin ofishin ma'aikata. Takardar tana tsakiyar tebur da biro a kanta.

Ban zauna ba. Na buɗe littafin a shafi na arba'in da ɗaya na ajiye a kan takardar, na karanta musu lokaci da lambobi, na faɗi maganar zanen. Muryata ba ta yi rawa ba, wannan na lura da shi kuma na ji daɗinsa. Injiniyan ya duba shafin ya duba ni. Mudir ya ce wa sauran su ba mu minti biyu.

Da suka fita ya rufe littafin ya tura mini shi, ya ce bai ga komai ba tukuna, in sake tunani, takarda tana nan a rubuce sa hannu kawai ya rage. Ya ce dattijon nan ko ba yau ba shekarunsa sun kusa. Na sake buɗe littafin na tura masa. Ya ce, "Mako uku ka tattara ka bar ƙasa, ya Usman. Fiye da haka ba zan iya ba."

Da na fito bencin ba kowa. An ce masa ya tafi gida, gobe ya kawo iƙama a sabunta.

Talata, 25 ga Maris, bayan asuba

Na yi barci.

Alhamis, 27 ga Maris, bayan magariba

Ban je harbi ba, Nuzla na je. Na zata na san yadda ziyarar za ta kasance, har na shirya abin da zan ce in ya fara godiya, don kada abin ya yi yawa.

Na same shi a ɗakinsu na gaba, kusan ba wurin zama. Kwalaye ne jere har kusa da silin, an ɗaure kowanne da igiya, an rubuta sunansa da Dogondoutchi da baƙar maka a gefe biyu. Labule kaɗai ya rage a rataye. Rakia ta gaishe ni daga bayansa, gaisuwa ɗaya, ba ta fito ba. Na ji muryar Haoua tana yi wa ƙannenta magana da Larabci su yi shiru.

Na zauna a kan tabarma na ce na zo neman gafara. Bai yi godiya ba. Ya ci gaba da kwance igiyar kwalin da ke gabansa, ya ciro tukwane ya jera a ƙasa, sannan ya ce, "Kwana ashirin da shidda, Muhandis. Ni na iya jira, na san ka. Su ba su san ka ba." Ya nuna labule da haɓa.

Ya ce ya yafe nasa, na yaran kuwa sai in bar wa lokaci. Na ce na ji.

Na tashi zan tafi ya ce in dakata. Ya zazzage kwali takwas, ya take su suka kwanta, ya haɗa su da igiyoyinsu ya ɗaure, ya ɗora a kafaɗa. Na ce ya kawo in ɗauka, ya ƙi. Ya bi ni har bakin titi inda na ajiye mota, ya sa su a but ya rufe da kansa. Ya ce kwalaye ne masu ƙwari, ya sha wuya kafin ya samo su a Mahjar, kada in wahala neman wasu, in sauran sun zama fanko zai aiko mini.

Yanzu haka suna falo. Ruƙayyatu ta samo baƙar maka, tana soke sunansa tana rubuta nawa.